Bangon Gabas na Ɗakin Inna

Shekarar da Baba ya tafi aikin hajji, ƙanena ya ce ba za a tarbe shi da jan bango ba. Gidanmu yana wani ƙauye ne a ƙasar Kebbe, ginin ƙasa tun na kakanni, kuma ɗakin Inna shi ne na bakin hanya, bayansa yana kallon gabas. Duk wanda ya shigo gari daga wajen Fakku, da wannan bangon yake fara yin ido biyu. Ƙanen nawa ma'aikaci ne a Tambuwal, inda ni ma nake aure ina koyarwa a firamare. Yana son Baba ƙwarai, yana kuma son a gani a yaba, sai abu biyun suka haɗu masa a wuri ɗaya. Ya ɗauko masu shafe daga Tambuwal, da buhunan farar ƙasa irin wadda ake jiƙawa ta yi ta tururi. Suka kwaɓa ta da yashi, suka zuba ɗan siminti wai don ta yi ƙarfi, suka lafta wa bangon da kauri cikin rana tsaka, suka goge shi ya yi sumul. Wani mai zane ya zo ya yi jirgin sama da shuɗin fenti a tsakiya, ya rubuta barka da sauka a ƙarƙashi.

Ya yi kyau, ba zan ƙi faɗa ba. Ranar da Baba ya dawo, ya tsaya a gaban bangon yana tari yana dariya, ya ce, "Wanga jirgi ai ya ɗara wanda yak kai mu girma." Ƙanena ya wuni yana washe baki, kowa ya zo sai ya ja shi ya nuna masa.

Tarin nan bai saki Baba ba. Zazzaɓi ya hau kai, aka kai shi asibiti aka dawo da shi, bai yi wata guda da sauka ba ya rasu a ɗakin Inna. Damina ta riga ta zauna, gero ya kai gwiwa. Inna ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma a gidan da mijinta ya bar ta, wato duk marka a cikin ɗakin nan za ta yi ta.

Bayan sadakar bakwai baƙi suka watse, ni na zauna, don an yi hutun makaranta kuma maigidana ya ce in tsaya da ita. Wata safiya ina shara na jawo tasoshin da ke jere a gindin bangon gabas, sai wani wari ya buge ni, irin na tsohuwar rijiya. Bangon ya yi duhu daga ƙasa har zuwa ƙugu. Na ɗora hannu na ji sanyi, na danna babban yatsa ya shige. Na fita na zagaya waje, ga bango fari tas, jirgi yana nan yana tafiyarsa. Sai da na matsa kusa na ga tsaga siri-siri kamar gashi, sun bi ko'ina. Na ƙwanƙwasa, ya amsa mini kamar ƙwaryar da ba komai ciki.

Ni ce 'yar fari, kuma na daɗe ba a yi mini ƙane ba, don haka ni na taso ina taka wa Baba laka. Malami ne, amma bai taɓa bai wa wani yaɓen gidansa ba. Duk shekara kafin ruwa ya sauka sai ya naɗe wando ya bi bangon gabas da hannunsa, saboda a wajenmu daga gabas hadari yake tasowa, shi ke shan duka. Na san jan bango yana jiƙewa, amma rana ɗaya ta fito sai ya sha iska ya bushe. Wannan farar rigar da aka saka masa, ruwa yana shiga ta tsagar, ba ya samun hanyar fita. Ga shi kaurin shafen ya cinye rabin indararo, ruwan saman ɗaki maimakon ya yi tsalle ya faɗi nesa sai ya riƙa bin jikin bango yana gangarowa.

Na koma ciki na gaya wa Inna. Tana zaune a kan tabarma da carbi, ba ta ko ɗago ba.

"Na sani," ta ce. "Kada ki faɗa ma kowa."

Na gane abin da take gudu. Baffa, ƙanen Baba, shi ne ke yanke magana a gidan yanzu, kuma shi ma malami ne. Duk mun san cewa in aka ji tsoron ɗaki zai faɗa wa mai takaba, shari'a ta yarda a ɗauke ta a kai ta wani wuri. Sauran ɗakunan gidan cike suke da iyalin Baffa, ƙanena kuwa tun ranar uku yake cewa yana da ɗaki mai kwano da siminti a Tambuwal.

"Inna, bangon ga faɗuwa za shi yi bisa kanki."

"Nan yab bar ni," ta ce. "Nan nika gamawa."

"In ya faɗi fa?"

Sai lokacin ta dube ni. "To ki hana shi."

Inna ba ta taɓa roƙona komai ba a rayuwata, wannan ma ba ta yi shi da muryar roƙo ba. Na fita tsakar gida na zauna kusa da turmi, raina yana tafasa. Na ji haushin masu shafen, na ji haushin ƙanena, har Baba na ji haushinsa da ya tafi ya bar mu da damina. Kuma na ga inda matsalar take. In na bar farin shafen, kowa zai ga bango lafiyayye, ba mai ɗaga Inna, amma yana ruɓewa daga ciki har ranar da zai zube. In na cire shi, bangon zai samu iska, amma duk gari za su ga ɓarnar, in kuma bai wa Baffa da ƙanena hujja da hannuna. Na kwana biyu ina juya abin. Ruwan da aka yi a rana ta biyu ya ƙara wa duhun nan tsawon tafin hannu, shi ya yanke mini shawara.

Da safe, bayan maza sun tafi gona, na ɗauki tsohuwar fartanyar Baba na zagaya. Ban sha wahala ba, abin ma jira yake. Na soka bakin fartanya a tsaga ɗaya na ɗaga, sai ga ɓawo mai faɗin faifai ya ɓamɓaro ya fashe a ƙafata. Bayansa ƙasa jiƙe sharkaf, gara har ta fara hanya. Na ci gaba. Wutsiyar jirgin ce ta fara sauka. Matan da ke wucewa rijiya suka tsaya da bokitai a ka, ɗaya ta ce, "Malama, jirgin na kika saukewa? Ina fasinjan?" Na ce mata ta wuce kada ruwanta ya huce. Wasu ba su yi wasa ba, na ji ana cewa ko arba'in ba a yi ba ɗiya tana rushe gidan ubanta.

Ban san wanda ya buga waya ba, amma kafin azahar ƙanena ya iso a kan babur, wandonsa duk taɓo. Ya tsaya yana kallon tarin farin ɓawo a ƙasa.

"Yaya, mi kinka yi haka?"

"Taɓa ka ji."

Bai taɓa ba. Idonsa ya cika. "Shi na abu na ƙarshe da Baba yag gani yay yi dariya. Shi kaɗai niy yi mai a duniya da yaf faɗi ya ji daɗi."

Maganar ta shige ni, don gaskiya ce. Amma ni bakina ba ya jiran zuciyata. Na ce da shi Baba ya gama ganin bango, Inna ce ke kwance a gindinsa. Ya ce to madalla, tunda na nuna wa duniya ɗakin ruɓaɓɓe ne, yau zai tafi da ita. Muka yi ta yi a bakin hanya, manya da mu, har Baffa ya dawo daga gona ya ce mu ji kunya mu shiga gida.

Baffa ya zagaya ya duba waje, ya duba ciki. Sannan ya tsaya a bakin ƙofar Inna, daga bayan labule, ya yi mata bayani a hankali, ya ce Allah bai ɗora wa rai abin da zai halaka shi ba, ba laifi a kanta in ta tashi.

"Na jiya, Malam," Inna ta ce. "Ba ni zuwa."

Ya shafa gemu. Daga baya ya juyo wajena. "Ke kinka ɗauko aikin ga. To ga sharaɗi. Ranar da nig ga bangon ga ya zubo ruwa cikin ɗaki, ranan taka tashi, ba ni son jin bakin kowa."

Na ce na yarda. Ƙanena ya hau babur ɗinsa ko abinci bai ci ba.

Yanzu ga bango tsirara a tsakiyar damina, yana buƙatar iska, ba ya buƙatar ruwa. Abin da zai yi wannan aiki zana ce, a jingina ta nesa kaɗan da bango, ruwa ya bi ta kanta, iska ta bi ta bayanta. Amma wa ke da sabuwar zana a marka? Ciyawar gamba da ake saƙa zana da ita ba ta nuna ba, wadda aka saƙa bara kowa ya kewaye gidansa da ita. Na bi gari ban samu ba. Zana mai kauri da ta rage ita ce ta rumfar ƙofar gida, inda Baba yake ba da karatu, inda aka yi zaman makokinsa. Na je na sami Baffa.

"Rumfar Malam?" ya ce. "Ke ba ki da tsoro?"

"Baffa, Malam ya bar rumfa. Matatai tana cikin ɗaki."

Ya ce bakina zai kai ni inda ba na so, ya tashi ya shige masallaci. Washegari da na fito na same shi tsaye a kan turmi, tsoho da shi, yana kwance igiyoyin rumfar ɗaya bayan ɗaya. Na matsa kusa na riƙa karɓa.

Muka kafa sanduna masu baki biyu, muka ɗaura zanar a karkace, daga ƙarƙashin indararo zuwa ƙasa. Na samo guntun tsohon kwano na naɗe shi na ƙara wa indararon tsawo. Na haƙa 'yar hanya a gindin bango don ruwa ya daina kwanciya. Daga nan rayuwata ta koma kallon gabas. In rana ta fito sai in kwance zana in kwantar, bango ya sha rana. In na ga gabas ta fara haɗe fuska, ko tuwo nake tuƙawa sai in ajiye muciya in ruga. Matan gida suka sa mini suna mai gadin hadari.

Laka kuwa daga bakin kududdufi na riƙa ɗebo ta a ka. Na zuba mata yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, na taka, na rufe ta ta kwana ta kwana har ta yi wari yadda Baba yake so. Karon farko gaggawa ta ci ni. Na ga sama-saman bangon ya bushe, na lafta laka da kauri don in gama in huta, kafin la'asar duk ta sulluɓo ta taru a ƙasa. Na zauna a gabanta na yi kuka na haushi, kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Da na gama na share fuska na kwashe ta na mayar rami. Daga ranar na koyi bin sa kaɗan-kaɗan: in karce wuri, in shafa siriri, in bar shi ya kama, sai bayan kwanaki in ƙara. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, cikin waɗanda suka ce ina rushe gidan ubana, ta aiko mini da ɓawon ɗorawa da ta ajiye, na jiƙa na yi makuba na bi wuraren da suka bushe. Ruwanta ja ne, tana hana ruwa kama bango, amma ba ta toshe shi.

Duk wannan Inna ba ta gani ba, don ba ta fita ƙofar gida. Ta ciki take bin aikin. Ta ɗauki gawayi ta zagaye bakin duhun nan da layi, kullum da safe sai ta duba. In na shigo ba ta tambaya ta ko na gaji, sai dai ta ce, "Ya ja baya kaɗan," ko kuma, "Yau bai motsa ba."

Babban ruwan ya zo ne wata la'asar, gero yana fitar da kai. Iska ta riga shi, irin mai kwashe tukwane. Na ɗaure zana na shigo, sai na ji wani ƙara, na san sanda ɗaya ta tafi. Na fizgi igiyar guga na fita. Zanar ta buɗe tana kaɗawa, ruwa yana dukan sabon yaɓena kai tsaye. Na kamo bakinta, ta ja ni, na ja ta. Na rasa inda zan ɗaura, sai na naɗe igiyar a ƙuguna na juya wa ruwan baya na tsaya a madadin sandar. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Na san dai ƙafafuna sun nutse a taɓo, haƙorana suna kaɗawa, ina ta faɗa wa bangon maganganu marasa daɗi, ina ce masa wallahi bai isa ba.

Da ruwan ya tsagaita na shiga ɗaki ina ɗiga. Bangon bai zubo ba. Amma daga kusurwar sama, inda azara ta shiga bango, ruwa yana ɗigowa, Inna ta tara kwano har ya kusa rabi. Muka ji sallamar Baffa. Inna ta tura kwanon ƙarƙashin gado da ƙafa, ta gyara zama ta ci gaba da jan carbi, sai ka ce ba ita ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, Baffa ya shigo ya shafa bangon daga sama har ƙasa, ya dubi layin gawayi. Ɗigo ɗaya ya sauko ya faɗa masa a kan hula. Na biyu ya biyo.

Ya ɗaga kai ya dubi kusurwar, ya dube ni, jiƙe kamar kazar da ta faɗa randa.

"Wanga ɗigo na rufi na," ya ce. "Ni bango nic ce. Gobe a hau a toshe."

Ya fita. Inna ta jawo kwanonta ta mayar wurinsa.

Da aka koma makaranta dole na koma Tambuwal. Ranar Juma'a in an tashi sai in hau mota zuwa Kebbe, daga can in hau kabu-kabu, in kwana biyu in juya. Sauran kwanakin ina aji, amma hankalina yana taga. Na bar zana a ɗaure, na roƙi Allah. Wani zuwa da na yi na tarar an canja igiyoyin duka da sababbi na roba, an kafa ƙarin sanda biyu, an zurfafa hanyar ruwa. Matar Baffa ta ce ƙanena ne, yana zuwa tsakiyar mako bayan an tashi aiki, in rana ta fito ya buɗe zanar, ya zauna ya jira, ya rufe ya tafi. Har lokacin ba ma magana da shi. Ni ma ban ce na gani ba, na dai bar masa fura a wajen matar Baffa.

Ruwa ya ɗauke, aka yanke gero, aka ɗaure dammuna. Duhun ya ja baya ya bar layin gawayi a busasshen bango. Daga waje kam ba kyan gani: faci a kan faci, ja da baƙi, shatar yatsuna ko'ina, can sama inda hannuna bai kai ba ga ɗan sauran fari. Amma yana tsaye.

Ranar fita takaba mata suka cika gida tun da safe. Inna ta yi wanka ta saka sabon zane, aka yi sadaka, aka turara ɗaki. Ƙannenta suka kwaɓa mata lalle a ƙwarya, don mai takaba ba ta taɓa shi sai ta fita. Ƙanena ya zo da mota, na ɗauka kayan sadaka ya kawo. Sai na ji Inna tana cewa a ɗaure mata tasoshinta da tabarma, za ta bi shi Tambuwal.

Na tsaya a bakin ƙofa. "Inna, tafiya za ki yi?"

"Na gama."

"Ɗakin fa? Wa za shi zamna ciki?"

"Ba kowa."

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. A gaban mata na ce da na san haka ne da ban kashe kaina ba, damina guda ina fama da laka kamar jaka, ashe ɗakin ma ba a so. Ƙannenta suka fara cewa in yi shiru. Inna ta ɗaga musu hannu.

"Ban ce maki ɗaki nika so ba," ta ce. "Gamawa nic ce. Zo nan."

Na je ina huci. Ta kamo hannuwana ta juya tafin sama. Ni kaina na daɗe ban dube su da kyau ba. Farar ƙasa ta cinye fatar, laka ta ƙarasa, duk sun tsage, wasu wuraren har da jini-jini, farce biyu sun fita. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta jawo ƙwaryar lallen da aka kwaɓa mata, ta ɗebo da yatsunta ta fara cusa shi cikin tsagar, ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Ƙanwarta ta ce, "Yaya, naki na fa." Inna ta ci gaba. Ta shafe hannu ɗaya, ta shafe ɗayan, har ƙwaryar ta ƙare, ta yage bakin tsohon zanen takabarta ta ɗaure mini su. Lallen yana da sanyi. Na ji hawaye yana zuba, ga shi ba hannun sharewa.

Ƙanena ya leƙo ya ce rana tana yi, hanya ba kyau.

"Shi jira," Inna ta ce. "Sai ya kama."

Ta zaunar da ni kusa da ita a kan tabarma, ta ɗora hannuwan nawa a cinyarta. Motar tana ƙofar gida har bayan azahar.